Daga kwaɗon Baitulmalin Awali zuwa rumbun bayanai na kwamfuta

Wannan shi ne shirinmu na kimiyya da fasaha, shirin da kan duba irin ci gaban da ɗan Adam ke samu a fannin bincike da ƙere-ƙere, da kuma yadda wannan ci gaba ke shafar rayuwarmu ta yau da kullum.

A yau shirin zai ɗauko wata tambaya ce da ke yawan damun ɗalibai masu koyon ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, da ma ƙananan ma'aikata a ofisoshi. Shin mutum zai iya tayar da rumbun bayanai, ya tsayar da shi, ya sake tayar da shi ta hanyar rubuta umarni kawai, alhali kuwa ba shi ne mai cikakken iko a kan na'urar ba? Amsar a taƙaice ita ce e, zai iya. Kai, har ma akwai rumbunan da ke ƙin tashi sam idan mai cikakken ikon ne ya nemi tayar da su da sunansa. Yadda aka yi aka kai ga haka tarihi ne mai ɗan tsawo, kuma za mu faro shi ne daga wata unguwa a birnin Madina. Sai a gyara zama.

To da farko dai bari mu warware kalmomin. Rumbun bayanai shi ne inda ake adana sunanka da abin da ke cikin asusunka na banki, da lambarka ta BVN, da lambarka ta zama ɗan ƙasa wato NIN, da sakamakon jarrabawar ɗanka ta JAMB. Manhaja ce da ke zaune a kan wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, tana aiki dare da rana, tana amsa tambayoyin dubban mutane a lokaci guda. Shi kuwa layin umarni shi ne wannan baƙin allon da babu hoto a kansa, babu abin dannawa da linzami, sai dai ka rubuta abin da kake so na'urar ta yi, ta yi maka ko kuma ta ƙi. Mai cikakken iko kuma shi ne wanda ke riƙe da babban mabuɗi, wanda babu ƙofar da ke gagararsa a cikin na'urar.

Duk alhajin da ya taɓa zama a Madina zai iya jin sunan Awali. Yanki ne da ke kudu maso gabashin Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kuma sa masa wannan suna ne saboda ƙasarsa ta ɗan fi ta tsakiyar gari tudu. Tun zamanin da an san shi da gonakin dabino, musamman ajwa. A cikin wannan yanki akwai wani wuri da ake kira Sunh, kimanin mil guda daga masallaci, mazaunin zuriyar Banu Harith bin Khazraj, inda Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, yake da gida. Daga can ne ma ya taso a kan dokinsa ranar da Annabi ya yi wafati a shekara ta 632 Miladiyya.

Malaman tarihi irin su Ibn Sa'ad sun kawo cewa bayan da aka naɗa shi halifa ya ci gaba da zama a Sunh har tsawon wata shida, kuma a can ne yake da ɗakin ajiye dukiyar jama'a, wato Baitulmali. Babu mai gadi a ƙofar ɗakin. Da aka ba shi shawara ya sa mai gadi, sai ya nuna cewa babu abin tsoro tunda akwai kwaɗo a jikin ƙofar. Dalili kuwa shi ne dukiyar ba ta daɗewa a ciki, da ta shigo yake raba wa jama'a. Daga baya da ya komo cikin gari sai ya taho da Baitulmalin gidansa. Bayan rasuwarsa a shekara ta 634, Sayyidina Umar bai shiga ɗakin shi kaɗai ba, sai da ya kira amintattun mutane, cikinsu har da Abdurrahman bin Auf da Usman bin Affan, aka buɗe a gaban idon kowa. Ba a tarar da komai ba illa dirhami guda da ya faɗo daga wani buhu da aka kakkaɓe.

Shi ma Sayyidina Umar ya taɓa zama a Awali, cikin Banu Umayya bin Zaid. A zamanin halifancinsa ne dukiya ta yi yawan da kwaɗo ɗaya da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za su iya riƙewa ba. Wajen shekara ta 20 bayan Hijira, wato 641 Miladiyya, ya kafa Diwani, kundin da aka rubuta sunayen mutane ƙabila-ƙabila da abin da kowa zai karɓa a shekara. Alal misali Muhajirai da suka halarci yaƙin Badar an yanka wa kowannensu dirhami 5,000. Mutum uku masana nasaba ya ɗora wa aikin rubutun, wato Aƙil bin Abi Ɗalib, da Makhrama bin Naufal, da Jubair bin Muɗ'im. Ajiyar dukiyar kuma tana hannun wani mutum dabam, ma'aji Abdullahi bin Arƙam. Har an ruwaito cewa idan halifan ya shiga matsi yakan je wurin ma'aji ya ci bashi, idan lokaci ya yi kuma ma'ajin ya zo ya tsare shi sai ya biya.

Ka ga ke nan an raba aiki. Mai rubuta suna dabam, mai riƙe da mabuɗi dabam, shugaban da ke da iko a kan kowa kuma ya hana kansa amfani da wannan iko a harkar yau da gobe. Kada mai sauraro ya ɗauka cewa injiniyoyin kwamfuta sun kwaikwayi wannan tsari ne, a'a, babu wata alaƙa ta kai tsaye. Matsalar ce dai iri ɗaya, kuma duk inda aka tara abu mai daraja a ɗaki guda sai ta taso. Mu ma a ƙasar Hausa mun san sarautar Ma'aji, mun kuma san cewa ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai iya bai wa yaronsa mabuɗin shago ya buɗe da safe ya rufe da yamma, amma mabuɗin akwatin kuɗi yana aljihun maigida.

To yanzu sai mu tsallaka zuwa ƙarni na 20. A farkon zamanin kwamfuta babu wannan damuwa sosai, domin na'urar mutum ɗaya take yi wa aiki a lokaci guda, kuma ƙofar ɗakin da take ciki ita ce kwaɗonta. Al'amarin ya sauya ne a shekara ta 1961, lokacin da Fernando Corbató da abokan aikinsa a cibiyar MIT ta ƙasar Amurka suka ƙirƙiro tsarin da ake kira CTSS, wanda ya bai wa mutane da dama damar yin amfani da kwamfuta ɗaya a tare. Don kada wani ya leƙa fayilolin wani, sai aka bai wa kowa kalmar sirri. Ba a je ko'ina ba, a shekara ta 1962, wani ɗalibi mai neman digirin digirgir mai suna Allan Scherr, wanda sa'o'i huɗun da aka ware masa a mako ba sa isarsa, ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa da kowa. Shi da kansa ya ba da labarin bayan shekaru masu yawa. Tun daga ranar farko ke nan aka fahimci cewa sa kwaɗo bai wadatar ba, sai an duba wanda ke iya kaiwa ga inda aka rataye mabuɗai.

A shekara ta 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakin binciken Bell suka fara gina babbar manhajar nan ta Unix, wadda ita ce kakar tsarin da Linux da Android da kwamfutocin Apple ke bi a yau. Tsarin izinin da Unix ta zauna a kansa mai sauƙi ne ƙwarai. Kowane fayil yana da mai shi. Akwai abu uku da za a iya yi da fayil, a karanta shi, a rubuta a cikinsa, ko a sa shi aiki. Akwai kuma rukunin mutane uku, mai fayil ɗin, da 'yan ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Haka nan duk manhajar da ka tayar, da sunanka take aiki, kuma iya abin da kake da izinin taɓawa shi take iya taɓawa. Sai dai an ware mutum guda mai lamba sifiri, ana kiransa root, wanda duk waɗannan dokoki ba su hau kansa ba. Idan ya yi kuskuren harafi ɗaya a umarnin gogewa, na'urar ba za ta tambaye shi dalili ba.

Nan da nan aka ga gibi. Akwai ayyukan da talakan na'ura ke buƙatar yi waɗanda sai da babban iko, kamar sauya kalmarsa ta sirri, alhali fayil ɗin da ke riƙe da kalmomin ba nasa ba ne. Ritchie ya fito da wata dabara da ake kira setuid, wadda ke sa wata manhaja takamaimai ta ari ikon mai ita na ɗan lokaci, ta yi aiki guda ta mayar. An nemi rajistar mallakar wannan dabara a 1973, aka samu a 1979, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya yi amfani da ita kyauta. Wajen shekara ta 1980 kuma, a jami'ar jihar New York da ke Buffalo, Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka rubuta sudo, wadda ke bai wa mai babban mabuɗi damar cewa wane zai iya ba da umarni kaza shi kaɗai, a kuma rubuta duk lokacin da ya bayar.

A tsakanin nan ne, a shekara ta 1975, malamai biyu na MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka wallafa wata muƙala da har gobe ake karantar da ita, inda suka jera ƙa'idoji takwas na tsaron bayanai. Biyu daga ciki sun shafi zancenmu. Ta farko na cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin ikon da zai ishe su yin aikinsu, kada a ƙara. Ta biyun kuma na nuna cewa ƙofar da sai da mabuɗi biyu take buɗuwa ta fi mai mabuɗi ɗaya aminci. Wanda ya saurari labarin buɗe ɗakin Baitulmali da muka kawo ɗazu ba zai ji wannan a matsayin baƙon abu ba.

A ɓangaren rumbun bayanai kuwa, a shekara ta 1970 wani Baturen Ingila mai aiki da kamfanin IBM a San Jose, Edgar Codd, ya kawo tunanin tsara bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. Daga wannan tunani aka sami manyan ayyuka biyu. A IBM aka gina System R, inda harshen SQL ya samo asali, kuma a 1976 Patricia Griffiths da Bradford Wade suka bayyana yadda mai jadawali zai bai wa wani izinin karantawa ko gyarawa, ya kuma janye izinin idan ya ga dama. Kalmomin nan biyu na GRANT da REVOKE da kowane ɗalibin SQL ya sani, daga nan suka fito. A jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma Michael Stonebraker da Eugene Wong suka gina Ingres a kan Unix, suka ware wa rumbun asusunsa na kansa mai suna ingres, wanda shi ne mai fayilolin bayanan. A 1986 Stonebraker ya fara wani sabon aiki mai suna Postgres, wato magajin Ingres. Ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sa masa harshen SQL a tsakiyar shekarun 1990, sannan a 1996 aka raɗa masa sunan da aka san shi da shi yanzu, PostgreSQL.

To amma fa sanin ƙa'ida dabam, bin ta dabam. Shekara da shekaru masu kula da na'urori sun fi son su tayar da komai da babban mabuɗi, saboda ya fi sauƙi, babu ƙofar da za ta tsaya musu. Sai da aka sha wuya tukuna. A ranar 2 ga watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta da kanta, wadda aka ƙiyasta ta kama kwamfutoci kimanin 6,000, wato kusan kashi goma cikin ɗari na waɗanda ke haɗe da intanet a lokacin. Ta shiga ne ta ɓarakar wasu ƙananan manhajoji masu sauraron saƙo daga waje. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, duk manhajar da ke sauraron baƙi, idan aka yaudare ta, to ɓarawon ya gaji duk ikon da take da shi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to amma tambayar ita ce, idan ya shiga, ɗaki ɗaya zai tarar ko gidan gaba ɗaya?

Rumbunan bayanai ma ba su tsira ba. A watan Mayu na 2002 wata tsutsar kwamfuta da aka sa wa suna Spida ta riƙa bin rumbunan SQL Server na kamfanin Microsoft tana gwada babban asusunsu, ta kuma tarar da dama an bar su babu kalmar sirri ko ɗaya. Sannan a ranar 25 ga watan Janairu na 2003 aka wayi gari da Slammer. Girmanta bai wuce bayit 376 ba, bai kai tsawon wannan sakin layi ba, amma cikin kimanin minti goma ta kama na'urori kusan 75,000. Intanet ta tsaya cik na sa'o'i a Koriya ta Kudu, dubban na'urorin cirar kuɗi na Bank of America kuma suka daina aiki. Abin takaici shi ne wata shida kafin nan kamfanin ya riga ya fitar da maganin ɓarakar, mutane ne ba su ɗora ba. Abin tsoro kuma shi ne, a kan na'urori da yawa rumbun yana aiki ne da asusu mafi girman iko, da a ce tsutsar ta zo da niyyar gogewa ko sata, da ɓarnar ta wuce haka nesa ba kusa ba.

Wannan ne ya kawo mu ga amsar tambayarmu. Masu gina PostgreSQL sun yanke shawara tun da daɗewa cewa rumbun ba zai yarda ya tashi da sunan root ba. Idan ka gwada, zai rubuto maka cewa sai dai ka koma asusu marar babban iko, ya rufe bakinsa. Ita ma MySQL, wadda Michael Widenius da David Axmark suka fitar a 1995, ba ta tashi da sunan root sai ka tilasta mata da umarni na musamman. Lokacin da PostgreSQL ta fara aiki kai tsaye a kan Windows, a fitowa ta 8.0 cikin watan Janairu na 2005, ta ƙi tashi daga asusun mai gudanarwa, abin da ya dami jama'a matuƙa domin a zamanin kusan kowa da wannan asusu yake aiki. A fitowa ta 8.2 a ƙarshen 2006 sai aka sa ta riƙa ajiye babban ikon da kanta a bakin ƙofa kafin ta fara aiki.

To ta yaya ake yi? A ce kai ɗalibi ne a ɗakin kwamfuta na jami'a, an riga an ɗora manhajar PostgreSQL a kan na'urar, amma ba a ba ka babban mabuɗi ba. Matakin farko shi ne ka rubuta umarnin initdb, ka nuna masa wata jaka a cikin gidanka na kwamfuta. Zai gina sabon rumbu a wurin, ya kulle jakar yadda kai kaɗai ke iya shiga, ya kuma naɗa ka shugaban wannan rumbu da sunan asusunka. In ma daga baya ka buɗe jakar ga kowa da kowa, rumbun ƙin tashi zai yi. Mataki na biyu shi ne pg_ctl start, ka sake nuna masa jakar. Rumbun zai tashi da sunanka. Ba ya buƙatar izinin kowa don sauraron masu zuwa, saboda a al'adar Unix ƙofofin sadarwa da ke ƙasa da lamba 1024 ne kawai aka keɓe wa root, ita kuwa PostgreSQL ƙofa ta 5432 take amfani da ita, MySQL kuma ta 3306. Idan wani ya riga ka kama ƙofar, sai ka zaɓi ta 5433.

Tsayar da shi fa? Da zarar rumbun ya tashi yakan rubuta lambarsa ta aiki a wani ɗan fayil mai suna postmaster.pid. Idan ka rubuta pg_ctl stop, sai a karanta lambar a aika masa da sigina. Dokar Unix kuwa ita ce kana iya aika sigina ga abin da ke aiki da sunanka, ba ka iya aika wa na wani. Hanyoyin tsayarwar uku ne. Ta farko ita ce a hana sababbin baƙi shiga a jira na ciki su gama, kamar mai shagon da ya saya ƙofa yana jiran masu ciniki su fita. Ta biyu, wadda ita ake bi idan ba ka zaɓa ba tun daga shekara ta 2016, ita ce a sallami kowa nan take, a soke cinikin da bai kammala ba, a rufe littafi daidai. Ta uku ita ce a kashe fitila kawai a fita, wadda ke sa rumbun ya tsaya gyaran lissafinsa idan ya sake tashi, saboda haka ba a yin ta sai dole. Akwai kuma pg_ctl reload don ya sake karanta dokokinsa ba tare da ya tsaya ba, da pg_ctl status don ka ji ko yana raye.

A nan akwai abin da ke rikita masu koyo. Sarakuna biyu ne, sarkin na'ura da sarkin rumbu. Kana iya zama sarkin rumbunka alhali kai talaka ne a kan na'urar. A MySQL ma sunan shugaban rumbun root, amma ba shi ne root na na'ura ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Idan kuwa rumbun na ofis ne, yana aiki da asusun wani, to hanya ɗaya ce, ka je wurin mai babban mabuɗi ya rubuta maka doka a sudo cewa kana iya sake tayar da rumbun, shi ke nan, ba ƙari. A cikin rumbun ma an yi ta gutsura ikon shugaba ana rarrabawa. A 2016 aka fito da matsayin da ke bai wa ma'aikaci damar katse aikin da ya maƙale kawai, a 2017 aka ƙara na mai sa ido wanda ke gani amma ba ya taɓawa, a fitowa ta 15 kuma cikin 2022 aka daina barin kowa ya gina jadawali a filin da ake tarayya sai an ba shi izini. Kada dai wani ya ɗauka baƙin allo wata ɓarauniyar hanya ce. Abin da ba a ba ka ba, layin umarni ba zai ba ka ba, kuma kutsawa cikin na'ura ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta shekara ta 2015.

Shin an gama da matsalar ke nan? Ina! A watan Janairu na 2017 'yan damfara sun goge dubun-dubatar rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe a intanet babu kalmar sirri, suka nemi kuɗin fansa. A watan Janairu na 2021 aka gano wata ɓaraka a cikin ita kanta sudo, wadda ta kusa shekara goma tana kwance ba a sani ba. Sannan akwai matsalar shi mai babban mabuɗin. A shekara ta 2008 wani injiniya a birnin San Francisco ya ƙi miƙa kalmomin sirrin hanyar sadarwar hukumar birnin, waɗanda shi kaɗai ya sani, sai da magajin gari Gavin Newsom ya je har gidan yari ya karɓo. A 2013 kuma, bayan Edward Snowden ya kwashi ɗimbin takardun hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, shugaban hukumar Janar Keith Alexander ya ba da sanarwar cewa daga yanzu sai mutum biyu sun haɗu kafin a taɓa wasu bayanai.

Mai sauraro, wannan batu ya shafe ka ko da ba ka taɓa ganin baƙin allo ba. Alhajin da ya sauka Madina a yau yana neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, sunansa da lambar fasfonsa suna cikin wani rumbu. Haka bayanan asibitinka da na makarantar 'ya'yanka. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Saboda haka idan kai ne shugaban ofis ko makaranta ko asibiti, ka tambayi mai kula da na'urorinka abu uku. Da wane asusu rumbunmu yake aiki? Mutum nawa ne ke riƙe da babban mabuɗi, kuma idan ɗaya ya yi tafiya ko ya bar aiki, wa zai buɗe mana? Sannan a ina ake rubuta wanda ya shiga da abin da ya yi? Idan kuwa kai ne ƙaramin ma'aikacin da aka hana babban mabuɗi, kada ka ɗauke shi raini. Ranar da wani abu ya ɓace, kai ne za ka fi kowa barci da daɗi, domin na'urar da kanta za ta ba da shaidar cewa hannunka bai isa wurin ba.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na wannan mako. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani a kan abin da ya ji, ƙofa a buɗe take, sai ya rubuto mana. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.